Babban Murhun Gaz: Dahuwar Taro Ba Tare da Icce Ba

Ranar biki, ko suna, ko gayya, icce mai yawa yake ƙonewa ƙarƙashin manyan tukwane. Haka ma a Ingal, inda makiyaya suke taruwa cikin watan Satumba: mutane da yawa, icce kaɗan. Itatuwa kuwa su ne garkuwar gonakinmu gaban hamada.

Akwai babban murhun gaz mai ƙafafun ƙarfe. Yana ɗaukar tukunyar taro, wutarsa da ƙarfi, babu hayaƙi. Ana ɗora shi bisa amalanke a kai shi rugga ko gona. Tun 2011 matatar SORAZ ta jihar Damagaram take fitar da gaz. Butalin kilo 12 ya fi dacewa da taro, na kilo 6 ba ya jimawa.

Amma mu kiyaye! A girka a fili, nesa da zana da rumbu, ba cikin bukka ba. Butali ya zauna tsaye, cikin inuwa. A shafa ruwan sabuni bisa tiyo: in ya yi kumfa, gaz na zurara, a rufe butali. Kada a gwada da ashana. Wuta shuɗiya ita ce mai kyau. In an gama, a fara rufe butali.

Jama'a, mu haɗa kuɗi, gari ya sayi guda.