Abuja: Wa Ake Shimfiɗa wa Hanya?

Kwanakin baya na kwana a Mararaba, a gidan wani ƙanena da ke aikin masinja a wata ma'aikata cikin Abuja. Tun kafin kiran assalatu ya tashe ni, domin a cewarsa duk wanda gari ya waye masa bai hau mota ba, to a cunkoson Nyanya zai yi hantsi. Muka tarar da bakin titi maƙil da jama'a: malaman makaranta, masu gadi, masu shara, 'yan kasuwa, kowa na kokawar samun kujera. Waɗannan su ne ke buɗe ofisoshin birnin kowace safiya, amma tsadar haya ta hana su kwana a cikinsa.

Tun da gwamnati ta tare a Abuja a watan Disamban 1991, birnin ke tura talakansa bayan gari. An hana acaɓa a tsakiyar birnin a 2006, aka biyo da hana ƙananan motocin bas a 2013. Kowane mataki yana da hujjarsa, sai dai nauyinsa kan mai ƙaramin ƙarfi yake sauka.

Da aka ƙaddamar da jirgin ƙasan cikin birnin a watan Yulin 2018, mun yi murna. Amma layin ya tashi daga tsakiyar gari ne ya bi ta Idu zuwa filin jirgin saman Nnamdi Azikiwe, da reshe zuwa wajen Kubwa. Jirgin ya tsaya a 2020 lokacin annobar korona, sai a watan Mayun 2024 ya koma aiki. Har yau bai leƙa hanyar Keffi ba, inda ƙanena da dubban ire-irensa ke ƙarar da sa'o'insu.

Wani ɓangare na matsalar iyaka ce. Nyanya tana cikin Babban Birnin Tarayya, Mararaba kuwa tana ƙaramar hukumar Karu ta Jihar Nasarawa. Mutum yana zubar da guminsa a wannan gefe, yana kwana a wancan, kasafin kowace gwamnati kuma yana tsayawa a bakin iyakarta. Alhali cunkoso bai san iyaka ba.

A ganina, kafin a zana kowane titi ko layin dogo, wajibi ne masu tsara birni su amsa tambayoyi uku. Mutum nawa aikin zai ɗauka? Minti nawa zai rage wa mai ƙaramin albashi? Kashi nawa na albashin nan kuɗin mota ke cinyewa? Sannan hukumomin Abuja da na Nasarawa su zauna a teburi ɗaya, su ware wa manyan motocin bas layinsu na musamman a hanyar Keffi, su kuma kai ayyuka da asibitoci kusa da inda jama'a ke kwana. A kuma gayyaci mazauna unguwannin nan a ji ta bakinsu, domin mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo.

Ƙanena ya isa ofis ranar da ƙarfe takwas saura kwata. Ya ce mini ya yi sa'a.