Daga Gawo Zuwa Dausayi: Gabatar da Ilmin Zamantakewar Halittu ga Ɗaliban Sakandare

1.0 Gabatarwa

Manufar wannan lacca ita ce nuna hanyar da za a bi a gabatar wa ɗaliban sakandare abubuwa biyu masu haɗe da juna: yalwar jinsunan halittu, da kuma ilmin zamantakewar halittu, watau ikoloji. Wani masani Bajamushe mai suna Ernst Haeckel ne ya raɗa wa fannin wannan suna a shekarar 1866, amma abin da sunan ya ƙunsa ya daɗe a hannun manomi da makiyayi da masunci. Matsalar ita ce, sau da yawa ɗalibi yakan haddace darasin da misalan dazuzzukan da bai taɓa gani ba, alhali kuwa ba ya iya bambance marke da ƙirya a bayan makarantarsu. Wanda bai san sunan itace ba, da wuya ya lura ran da ya ɓace.

2.0 Matakan Yalwar Halittu

Masana sun kasa yalwar halittu zuwa matakai uku, kowannensu kuwa yana da shaida a bakin Bahaushe.

Mataki na farko shi ne bambancin da ke cikin jinsi guda. Dawa jinsi ɗaya ce, amma akwai ƙaura, akwai farfara. Gero da maiwa 'yan gida ɗaya ne, sai dai gero yana nuna da wuri, maiwa kuwa sai ƙarshen damina. Manomin da ya shuka duka biyu ya raba ƙafa: idan ruwa ya ɗauke da wuri, gero ya cece shi. Haka nan bunaji da rahaji da gudali duk shanu ne, amma juriyarsu ga fari da cuta da doguwar tafiya ba ɗaya ba ce.

Mataki na biyu shi ne bambancin jinsuna, kamar kuka da tsamiya da ɗorawa da kaɗanya da aduwa, ko gada da barewa da gwanki. Jinsunan da masana suka bayyana suka ba su suna a duniya sun kai kimanin miliyan 2, mafi yawansu ƙwari, kuma ana ci gaba da gano sababbi kowace shekara.

Mataki na uku shi ne bambancin mazaunai. Fadama dabam, jigawa dabam, kurmi dabam, dausayi dabam, kuma kowannensu yana da irin tsirrai da dabbobin da suka dace da shi. Waɗannan kalmomi ba ado ba ne a cikin harshe; rabe-raben ƙasa ne da aka yi bisa ga doguwar lura.

3.0 Wa Ke Ciyar da Wa

Tushen ikoloji shi ne cewa babu halittar da ke rayuwa ita kaɗai. Tsirrai ne kan gaba, domin su ke sarrafa hasken rana da ruwa da iska su zama abinci. Daga nan sai masu cin tsirrai, kamar fara da zomo da akuya. Sai masu cin nama, kamar shirwa da dila da zaki. A ƙarshe akwai masu share fage: gara da buzuzu da ƙwayoyin halitta da ido ba ya gani, waɗanda ke mayar da mataccen abu ƙasa ya zama taki. Ungulu ma tana cikin masu wannan hidima, tun da takan kawar da mushe kafin ya zama matattarar cuta.

A kowane hawa, kimanin kashi 10 cikin 100 ne kawai na ƙarfin abinci ke wucewa zuwa hawa na gaba. Sauran yana ƙarewa a motsi da numfashi da ɗumin jiki. Wannan ne dalilin da ya sa a kowane daji ciyawa ta fi barewa yawa, barewa kuma ta fi zaki yawa nesa ba kusa ba. Shi ne kuma dalilin da ya sa idan daji ya ƙanƙance, manyan namun da ke saman jeren ne ke fara ɓacewa.

4.0 Darasin Gawo

Babu misalin da ya fi gawo saukin nunawa. Gawo yana kakkaɓe ganyensa da damina, ya yi kore shar da rani, saɓanin sauran itatuwa. Saboda haka ba ya tare wa gero hasken rana, kuma ganyen da ya zubar yana ruɓewa daidai lokacin da shuka ke bukatarsa. A saiwoyinsa akwai wasu ƙwayoyin bakteriya masu ɗauko sinadarin naitirojin daga iska su ƙara wa ƙasa ƙarfi. Da rani shanu da awaki suna taruwa a inuwarsa don cin 'ya'yansa, su bar taki a gindinsa, su kuma yaɗa irinsa a cikin kashinsu. Ga itace, ga ƙwayar halitta, ga dabba, ga hatsi, ga mutum, duk a da'ira guda. Ba banza ba sarakunan Damagaram suka hana sare gawo a ƙarni na 19.

Har wa yau, bayan farin shekarun 1970 da 1980, manoman Maradi da Damagaram suka koma barin tohon kututture a gonakinsu suna yi masa sassabe maimakon tumɓuke shi. Ta wannan hanya itatuwa suka dawo a fili mai faɗin kimanin hekta miliyan 5 a kudancin Nijar, ba tare da an dogara ga dashen gandu ba.

5.0 Darasin Dausayin Haɗeja da Nguru

Idan gawo ya nuna yadda igiyar ke ɗaure, dausayin Haɗeja da Nguru ya nuna abin da ke biyo baya idan aka taɓa ta. A da, ambaliyar kowace shekara takan malale fadamu, kifi ya hayayyafa, a noma shinkafa; in ruwa ya janye a yi noman rani, makiyaya su shigo da dabbobinsu. Tsuntsaye masu ƙaura daga Turai ma a nan suke yada zango, abin da ya sa aka shigar da yankin cikin jerin dausayoyi masu muhimmanci na yarjejeniyar Ramsar a shekarar 2000.

Gina madatsar Tiga a 1974 da ta Challawa a 1992 ya samar da ruwan sha da na ban-ruwa, amma ya sauya tafiyar kogin. Ambaliya ta ragu, wasu magudanai kuwa suka daina ƙafewa da rani. Wannan yanayi ya yi wa ciyawar kacala daɗi, ta mamaye hanyoyin ruwa ta toshe su. Cikin kacala kuma jan-baki ya sami mafaka, yana fitowa garke-garke yana cinye shinkafa da gero. Abin lura ga ɗalibi shi ne nisan da ke tsakanin sanadi da sakamako: an tare ruwa a ƙasar Kano, manomi ya wayi gari yana korar tsuntsu a kusa da Nguru.

6.0 Hanyar Koyarwa

Gani ya kori ji. Malami na iya auna fili mita 1 tsawo mita 1 faɗi a tudu, da wani kamarsa a fadama, ɗalibai su ƙidaya ire-iren tsirrai da ƙwarin da ke ciki, sau ɗaya da damina, sau ɗaya da rani, su kwatanta. Aikin ba ya bukatar kome sai igiya da turaku huɗu da littafin rubutu.

Aiki na biyu shi ne tattara sunaye. Kowane ɗalibi ya zauna da dattijo ko dattijuwar gidansu, ya rubuta itatuwa da tsuntsaye da kifayen da suka sani a ƙuruciya, da amfanin kowanne, sa'an nan a ware waɗanda har yanzu ake gani da waɗanda sai labari. Ana iya gwada jerin da littafin sunayen tsirrai na Hausa da J. M. Dalziel ya wallafa a 1916, da ƙamusun Bargery na 1934. A nan malamin Hausa da malamin kimiyya za su haɗa hannu, domin kalma da halittar da take nufi tare suke rayuwa, tare kuma suke gushewa.

7.0 Kammalawa

A 1992 ƙasashen duniya suka rattaba hannu a birnin Rio kan yarjejeniyar kare yalwar halittu, a 2019 kuma wani rahoton masana na duniya ya ƙiyasta cewa jinsuna kimanin miliyan 1 na fuskantar barazanar ƙarewa. Amma koma-baya ba dole ba ne ya zama na har abada. Raƙuman dawa na yankin Kure a Nijar sun ragu zuwa kimanin 50 a 1996, sai kariyar hukuma da haɗin kan mazauna wurin suka sa yawansu ya haura 600 cikin shekaru ashirin da 'yan kai. Ɗaliban da ke aji a yau su ne za su yanke shawara gobe kan madatsa da gandun daji da gatari. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, kuma tanƙwarar ta fara ne daga sanin sunan itacen da ke ƙofar makaranta.