Manyan Mutane Da 'Yan Tsanarsu Na Ƙuruciya

A ranar 19 ga watan Mayu na shekarar 1984 ne Sir John Betjeman, babban marubucin waƙoƙi na fadar Sarauniyar Ingila, ya rasu a gidansa da ke lardin Cornwall yana da shekara 77 da haihuwa. An ba da labarin cewa ya cika ne rungume da wasu 'yan tsana biyu da aka ɗinka da ƙyalle, ɗaya mai siffar giwa wadda yake kira Jumbo, ɗayar kuwa mai siffar dabbar nan ta ƙasashen sanyi, watau beyar, wadda ya raɗa wa suna Archibald. Tun yana jariri yake tare da Archibald, kuma da ya shiga Jami'ar Oxford a shekarar 1925 bai bar shi a gida ba.

Ga mai karatu a ƙasar Hausa, wannan al'amari yana iya zama abin dariya. A nan 'yar tsana ta yara mata ce, ana yin ta da ƙashi ko da kara, a yi mata kitso har a yi mata biki, amma da zarar yarinya ta tasa sai ta bar wa ƙannenta. Dattijo mai furfura da za a gan shi ɗauke da 'yar tsana, ba shakka za a fara nema masa magani. A Turai ma an daɗe ana yi wa irin waɗannan mutane kallon masu taɓin hankali, shi ya sa da yawansu suka riƙa ɓoye abin a cikin akwati ko a bayan tufafi.

Ita wannan 'yar tsana ba ta da tsohon tarihi. A watan Nuwamba na shekarar 1902, Shugaban Amurka Theodore Roosevelt ya je farauta a Jihar Mississippi, sai 'yan rakiya suka kama wani beyar suka ɗaure shi a jikin itace domin Shugaba ya harbe, shi kuwa ya ƙi, don a ganinsa wannan ba farauta ba ce. Wani mai zanen barkwanci, Clifford Berryman, ya zana abin a jaridar Washington Post. Daga nan wani mai kanti a unguwar Brooklyn ta birnin New York, Morris Michtom, tare da matarsa suka ɗinka ɗan beyar na ƙyalle suka sa masa laƙabin Shugaban, watau Teddy. A daidai wannan lokaci kuma, a garin Giengen na ƙasar Jamus, kamfanin wata tela mai suna Margarete Steiff, wadda shan inna ya hana ta tafiya tun tana ƙarama, ya fito da nasa beyar mai gaɓoɓi masu motsi. A shekarar 1907 kaɗai kamfanin ya ɗinka kusan miliyan ɗaya.

Yaran da aka saya wa waɗannan 'yan tsana na farko su ne suka girma suka tarar da yaƙin duniya har sau biyu. Ɗaya daga cikinsu shi ne Kanar Bob Henderson, hafsan soja ɗan ƙasar Scotland, wanda ya yi yaƙin duniya na biyu, kuma bai rabu da 'yar tsanarsa mai suna Teddy Girl ba har ƙarshen rayuwarsa. Bayan rasuwarsa, a watan Disamba na shekarar 1994, gidan gwanjo na Christie's da ke Landan ya sayar da ita a kan fam 110,000 ga wani attajiri ɗan Japan, Yoshihiro Sekiguchi, wanda ya ajiye ta a gidan nune-nunensa da ke Izu. Wannan kuɗi a wancan lokaci ya isa sayen gida mai kyau a yawancin garuruwan Ingila.

Wanda ya fara cire wa jama'a kunya a kan wannan batu shi ne Peter Bull, wani ɗan wasan kwaikwayo na Ingila, ƙato mai ƙatuwar murya, wanda kuma ya yi aikin sojan ruwa. Tun yana ɗan shekara 16 ya dawo gida hutu ya tarar mahaifiyarsa ta bayar da beyar ɗinsa, abin ya tsaya masa a rai. Da ya nemi jama'a su aiko masa da labaran nasu 'yan tsanan, wasiƙu suka yi ta kwararowa daga manyan mutane, maza da mata, waɗanda kowannensu yake zaton shi kaɗai ne. Ya tattara su a cikin littafinsa mai suna Bear With Me a shekarar 1969.

Masana halayyar ɗan Adam suna da bayani a kan haka. Donald Winnicott, likitan yara a Landan, ya bayyana a wata maƙala da aka buga a 1953 cewa jariri yakan zaɓi wani abu mai laushi, tsumma ko bargo ko 'yar tsana, ya riƙe shi a lokacin da ya fara fahimtar cewa shi da uwarsa ba abu ɗaya ba ne. Abin yakan tsaya a madadin uwa idan ba ta kusa, musamman a lokacin barci, don haka ne ma yaro yakan yi kuka idan aka wanke shi, saboda ƙanshin da ya saba da shi ya tafi. Shi kuma Harry Harlow na Jami'ar Wisconsin ya nuna a 1958 cewa 'ya'yan birai da aka raba su da iyayensu sun fi manne wa gunkin uwa da aka lulluɓe da ƙyalle, ko da yake gunkin waya ne yake ɗauke da madara. Ya kamata a lura cewa waɗannan bincike an yi su ne inda ake kwantar da jariri shi kaɗai a ɗakinsa, sa'an nan 'ya'yan masu hali a tura su makarantar kwana tun suna shekara bakwai ko takwas. Yaron da ya yini a goye, ya kwana a jikin uwarsa, buƙatarsa ga irin wannan madadi ba ta kai haka ba.

Sai dai ba kowa ne yake son a tuna masa da ƙuruciya ba. Beyar da ya fi kowane suna a duniya shi ne Winnie-the-Pooh, wanda aka saya a kantin Harrods a 1921 domin Christopher Robin Milne, kuma mahaifinsa A. A. Milne ya rubuta littattafai a kansa daga 1926. Littattafan sun kawo dukiya, amma yaron ya sha tsokana a makaranta, har ya girma da jin cewa mahaifinsa ya yi suna ne a bayansa. A 1947 aka kai 'yan tsanan Amurka wurin kamfanin da ke buga littattafan, shi kuwa bai nemi a mayar masa ba. Ya buɗe kantin littattafai a garin Dartmouth, ya kuma bayyana cewa ya fi son ya zauna da abubuwan da yake so a yanzu a kan waɗanda ya so yana yaro.

Tun 1987 'yan tsanan guda biyar suke a Babban Ɗakin Karatu na birnin New York, a cikin akwatin gilashi. A 1998, shekara biyu bayan rasuwar mai su, wata 'yar majalisar dokokin Birtaniya, Gwyneth Dunwoody, ta nemi a mayar da su gida, tana mai cewa kayan tarihin Ingila ne. Magajin garin New York na lokacin, Rudolph Giuliani, ya ce ba inda za su, kuma a can suka ci gaba da zama.