Tramol da Danginsa a Kuseri da Arewacin Kamaru

Kalmar ƙwaya tsohuwa ce a Hausa. Akwai ƙwayar hatsi, akwai ƙwayar ido, daga baya aka sami ƙwayar magani. Amma yau in an ce wane ɗan ƙwaya ne, kowa ya san ba hatsi ake nufi ba. A Kuseri, garin da gadar Ngeli ta haɗa da Njamena a kan kogin Logon, ƙwayar da ta fi suna ita ce tramol. Haka abin yake a Marwa da Garwa.

Tramol, wato tramadol, maganin kashe zafin ciwo ne na dangin mofin, amma a masana'anta ake harhaɗa shi. Kamfanin Grünenthal na Jamus ne ya ƙirƙiro shi a 1962, ya fara sayar da shi a 1977. Likita yakan rubuta ƙwaya mai miligiram 50 ko 100, kuma ba a so a wuce 400 a yini. Wadda ake sayarwa a kan tebur kuwa takan ɗauki 120, ko 200, ko 225. Ke nan biyu masu 225 sun haye iyakar yini guda. 'Yan acaba da 'yan dako da manoma suna sha don su jure wahala, ba lalle don nishaɗi ba.

Wani abu ya faru da ya nuna yadda ƙwayar ta game ƙasar. A 2013 wasu masana suka ba da sanarwar cewa sun sami tramol a cikin saiwar tafashiya daga arewacin Kamaru, har aka ɗauka itacen ne yake yin maganin da kansa. A 2014 masana daga Jamus da Kamaru suka sake bincike. Ba su sami kome a tafashiyar kudu ba, a arewa kuwa har saiwar wasu itatuwa na dabam tana ɗauke da shi. Bayaninsu shi ne, manoma suna sha, suna kuma ba shanun noma, sai ya bi fitsari da kashi ya shiga ƙasa, saiwa ta zuƙa.

Galibin ƙwayoyin daga Indiya suke fitowa. A 2018 Indiya ta tsananta dokar tramol, sai 'yan fasa-ƙwauri suka sake dabara. Aka fara shigo wa Afirka ta Yamma da ƙwayoyi irin su Tafrodol da Super Royal-225, masu kama da na da. Abin da ke ciki kuwa tapentadol ne, wanda ya fi tramol ƙarfi, an gauraya shi da karisofurodol, maganin sassauta tsoka. Bayan binciken da BBC ta watsa a Fabrairun 2025, Indiya ta hana yin wannan haɗi da fitar da shi. Hatsarin a nan shi ne, wanda ya saba shan uku zai sha uku, alhali ƙwayar ba ita ba ce.

Akwai ma waɗanda suka fi waɗannan muni. Fentanil ya ninka mofin ƙarfi sau 50 zuwa 100, miligiram 2 kawai yana iya kashe mutum. Nitazin, wanda aka ƙirƙiro a Suwizalan a shekarun 1950 amma ba a taɓa yarda a ba marasa lafiya ba, an same shi a cikin kush na Saliyo, abin shaye-shayen da ya sa ƙasar ta kafa dokar ta-ɓaci a 2024. An kuma same shi a cikin magungunan jabu a Turai. Ido ba ya ganewa, harshe ma haka.

Duk dangin nan hanyar kisansu ɗaya ce: suna danne sashen ƙwaƙwalwa mai kula da numfashi. Mutum sai ya yi barci mai nauyi da minshari, numfashi ya ja baya, baƙin ido ya tsuke, leɓe ya yi toka-toka. Giya ko ƙwayar barci tana ƙara gaggauta abin. Tramol kuma yana da nasa sharrin na dabam, yakan jawo farfaɗiya.

Wanda aka samu a wannan hali, ba a barinsa wai barci ya sake shi, ba a kuma ɗura masa madara, don tana iya shaƙe shi. A kwantar da shi a gefensa, a garzaya da shi asibiti. Allurar nalokson tana dawo da numfashi, amma aikinta yakan ƙare cikin minti 30 zuwa 90, saboda haka wani lokaci sai an maimaita. Ba ta kuma karya ƙarfin karisofurodol.