Dodon Katako: Abin da Guntayen Kafinta Za Su Iya Zama

Yau hirarmu a kan dodo ce, amma na katako.

A ƙasar Denmak akwai wani mutum, Thomas Dambo, haifaffen 1979, wanda sana'arsa ita ce ƙera manyan dodanni da katakon da aka yar. A 2016 ya kafa guda 6 a dazuzzukan gefen birnin Kofanhegan, ya bar mutane su fita nemansu da taswira. Zuwa 2023 ya kai guda 100 a ƙasashe daban-daban. Wanda ya yi a Breckenridge ta Amurka a 2018 ma, cincirindon 'yan kallo ya dami mazauna unguwar har aka cire shi, aka sake gina shi a wani wuri a 2019.

To ya ake yi? Da farko a zana siffar a takarda. Kai da hannuwa da ƙafafu, da yake sun fi wuya, a shago ake haɗa su. A filin kuma sai a kafa ƙwarangwal da katako mai ƙwari, don shi ke ɗaukar nauyin duka. Daga nan a bi shi da guntaye, wani na hawa kan wani kamar jeren kwanon rufi, yadda ruwan sama zai gangare. Gashi kuwa busassun rassa ne. 'Yan sa-kai na garin ke taya shi aikin.

A nan wajenmu, babban abokin gaba gara ce. Dole a ɗaga katakon kan dutse ko siminti, a shafe gindinsa da baƙin mai kamar yadda kafintocinmu suka saba.

Shi kansa dodo ba baƙo ba ne gare mu. Yana cikin tatsuniyoyinmu, kuma wasan Dodo da yaran Wagadugu ke yi da azumi, fataken Hausawa ne suka kai shi can.

Na san wani zai ce, "Malam, mutum-mutumi fa?" Gaskiyarka. Malamanmu sun hana sassaƙa siffar abu mai rai, kuma ba na kiran kowa ya tsallake wannan. Dabarar nake so mu ɗauka. Ƙwarangwal da jeren guntayen nan su ne za su ba ka rumfa, benci, ko lilon yara.

Ku leƙa shagunan kafintoci a Kankiya da Kusada, ku ga guntayen da ke ƙarewa a murhu, alhali akwai azuzuwan da yara ke zaune a ƙasa. Matasa biyar, zarto, guduma da ƙusa, sai kafinta ɗaya da zai duba aikin, sun isa a fara. Ku nemi izinin mai shago da na shugaban makaranta tukuna.

Wa zai fara a unguwarku? Ku faɗa mana a ƙasa. Sai mun haɗu a shiri na gaba.