Shara Ma Tana Da Amfani In An Raba Ta

Kowace safiya matan 'Yandoto, kamar na Tsafe da Bunguɗu, sukan share tsakar gida, yara su kwashe sharar su kai juji. A cikin wannan shara akwai abincin gona, akwai abin sayarwa, akwai kuma abin da ke kashe dabba har da mutum. Saboda haka aikin farko shi ne a raba ta tun daga gida, kada a haɗa kome wuri ɗaya.

Kashi mafi yawa shi ne wanda ke ruɓewa: ɓawon gyaɗa, ƙaiƙayi, ganyaye, ɓawon rogo da kashin dabbobi. Manomi ya daɗe da sanin takin juji, amma wanda aka haɗa a rami ya fi shi kyau. A haƙa rami a inuwa, nesa da rijiya, zurfinsa ya kai ƙugu. A shimfiɗa karmami a ƙasa, a zuba shara, a bi da kashin awaki ko na shanu, a barbaɗa toka kaɗan, sannan a yayyafa ruwa. Haka za a yi ta jerawa har rami ya cika. Ruwan kada ya yi yawa, danshi kawai ake so. Bayan 'yan kwanaki in an cusa sanda aka zaro ta da ɗumi, to aiki na tafiya. Wannan zafi yana kashe yawancin irin ciyawa. A riƙa juyawa duk mako biyu ko uku. Cikin wata biyu zuwa uku zai yi baƙi, warinsa ya koma na ƙasa. Takin zamani ya yi tsada, wannan kuwa ƙarfin mutum kaɗai yake ci, kuma yana taimaka wa jigawa ta riƙe ruwa.

Leda ba ta shiga wannan rami, domin ba ta ruɓewa. Ko an kai ta gona, garma za ta tono ta baɗi yadda take. Akuya kan ci ta, ta cushe mata tumbi, ta yi ta ramewa mai ita bai san dalili ba. Mahauta sun sha ganin haka. Ita ce kuma ke toshe magudanun ruwa a Gusau da damina. Ƙona ta ma ba dabara ba ce, hayaƙinta na cutar da ƙirji.

Ƙarfe da roba kuɗi ne. Maƙera kan mai da gwangwani fitila ko mazurari, su narka alminiyum su zuba tukunya da ludayi. Tsohuwar taya kan zama takalmi, tib ɗinta ya zama guga. Abin da ya rage 'yan gwangwan ke saye a kan sikeli, su tara, a loda a mota zuwa manyan garuruwa irin su Kano. A can masana'antu kan ware roba iri-iri, su wanke, su niƙa, su narka, a fitar da sabuwar buta ko bokiti. Ƙarfe kuma a narka shi a yi rodin gini.

Masana'antu ma suna da tasu sharar. A Gusau, inda aka daɗe ana gurzar auduga, angurya ba ta zama asara. Ana matse mai daga cikinta, tunkuzar kuma a yi kiwo da ita. Mai ƙuli-ƙuli ta riga su sanin wannan dabara.

Sai dai akwai abin da ba a sake amfani da shi a gida ko kaɗan. Jarkar maganin feshi ko an wanke ta sau goma, ba a zuba mata ruwan sha ko man gyaɗa. A huda ta a binne nesa da rijiya. Tsohon batirin mota kuwa dalma ce a cikinsa. Mutanen Zamfara sun san dalma: a shekarar 2010 gubarta ta kashe yara fiye da 400 a ƙauyukan Anka da Bukkuyum. Wancan karon daga dutsen zinariya da aka niƙa a cikin gidaje ta fito, amma ita ce dai a cikin batir. Kada a fasa shi a tsakar gida, kada a narka shi kusa da murhu. A ajiye shi inda yara ba sa kaiwa, har mai saye ya zo ya ɗauka a rufe.