Tattaki Domin Dabba: Daga Mombasa Zuwa Zangon Nima

  Masu sauraro a Nima, Maamobi, New Town da sauran zangunan Accra, yau maganar tafiyar ƙafa za mu yi, wadda mutum kan yi ta makonni domin a tara kuɗin ceton dabba.

A watan Disamba na 1982, wani ma'aikacin kamfanin haɗa motoci a Mombasa ta ƙasar Kenya, mai suna Michael Werikhe, ya ɗauki jakarsa ya nufi Nairobi a ƙafa, tafiyar kusan kilomita 500. Karkanda ce ta tashe shi. A 1970 Kenya na da baƙar karkanda wajen 20,000, amma kafin tsakiyar shekarun 1980 mafarauta masu neman ƙahonta sun bar ƙasa da 400. Ba shi da kuɗi, ba shi da muƙami, sai ƙafafunsa. Duk garin da ya yada zango, ya tara mutane ya yi musu bayani, mai hali ya ba da abin da ya sawwaƙa. A 1988 ya taka daga Assisi ta Italiya har London, aka tara kimanin dala miliyan 1. Ya karɓi kyautar Goldman a 1990, ya rasu a 1999. Jim Nyamu ya bi sawunsa a 2013, a wannan hanya ta Mombasa, shi kuma domin giwa.

Wani zai ce mu a Nima ina ruwanmu da karkanda? To, jama'a, muna da jaki.

Zangunan nan namu ƙafa ce ta kafa su. Fatake sukan taso daga Kano da Katsina, madugu na jan ayari, su yi watanni kafin su isa Salaga. Su kawo kanwa da tufafi, su koma da goron Gwanja. Wa ya ɗauki kayan? Jaki. Shi ya sha rana, shi ya ƙetare rafi, shi mangala ta ci wa baya. Da yaƙin basasa ya watsa Salaga a 1892, 'yan kasuwa suka bazu zuwa Kete Krachi da Kumasi da nan Accra. Ita kanta Nima, kiwon shanun Malam Futa ne mafarinta.

Yau wannan dabba, wato jaki, tana cikin wani hali. Ana dafa fatarta a ƙasar Sin a yi wani magani, farashinta ya tashi, aka shiga yanka ba ji ba gani. Nijar da Burkina Faso sun hana fitar da jakuna a 2016, nan Ghana kuwa har mayanka aka buɗe a Walewale. A watan Fabrairun 2024 shugabannin Tarayyar Afirka suka amince a Addis Ababa da haramta yanka jaki domin fatarsa. Mataki ne mai kyau, sai dai takarda ba ta gadin turke da dare. Matar da aka sace wa jaki a karkarar arewa, ita za ta koma ɗaukar ruwa da itace a ka, wani lokaci 'yarta ta bar makaranta ta taya ta.

Ni a ganina hanyar Werikhe ta fi dacewa da mu fiye da kowa. Mun san labarin wanda Allah Ya gafarta wa saboda shayar da kare mai ƙishirwa. Tafiya kuma ba baƙuwarmu ba ce: a 2015 Suleiman Hashimu ya taka daga Legas zuwa Abuja don murnar zaɓen Buhari, gidajen rediyo suka bi shi gari gari. Samarinmu ma ga su nan suna fita motsa jiki da sassafe, ƙungiya ƙungiya.

Tsarin ba wuya. Daga nan Accra a ɗauki hanyar Kumasi, Techiman, Tamale har Walewale, fiye da kilomita 600. Mahauci da mai shago da direban trotro kowa ya yi alkawarin sidi kaza a kan kowace kilomita. A damƙa kuɗin ga kwamitin da limamai da sarakunan zango suka yarda da shi, a karanta lissafi a fili bayan sallar Juma'a. Da shi za a sayi maganin tsutsa da na gyambo, a gina wuraren shayarwa, a biya likitan dabbobi ya riƙa zagaya ƙauyuka ranar kasuwa.

Duk ƙungiyar da ta shirya ɗaura takalmi, ƙofar wannan shiri a buɗe take gare ta.